Kallon batsa a waya: amsoshin tambayoyin masu karatu daga Damagaram

Saƙonni sun taru a kan maganar finafinan batsa, yawancinsu daga cikin garin Zinder da kewaye, kuma kusan kowane mai tambaya ya roƙi a sakaya sunansa. Mun sakaya. Masu amsawa a wannan fitowa ma'aikatan lafiya ne da masu ba da shawara kan halayyar ɗan Adam. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma sun riga sun bayyana shi. Mu abin da za mu yi magana a kai shi ne yadda ɗabi'ar take kama mutum, da yadda ake kwance ta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jami'a, shekarata 22. Tun ina koleji wani aboki ya tura mini a waya, har yau ban daina ba. Na yi rantsuwa, na yi kaffara, na goge komai, bayan mako ɗaya ko biyu sai in koma. Yanzu ko daɗinsa ba na ji kamar da, amma na kasa bari. Shin ƙwaƙwalwata ta lalace ne? (Ɗalibi, Karkada)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ƙwaƙwalwarka ba ta lalace ba. Abu ta koya, kuma ta fara koyonsa a shekarun da take ɗaukar komai da sauri, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da aikinta shi ne tura mutum neman abin da ke raya shi da zuri'arsa: abinci, ruwa, abokin zama, jima'i. Sinadarin da take aiki da shi shi ne dofamin, kuma ya fi tashi lokacin da ake jiran abu, ko aka ci karo da sabo. Waya kuwa ba ta rasa sabo. Shi ya sa mai kallo yakan share awa biyu yana tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan, ba tare da ya kalli ko ɗaya har ƙarshe ba. Neman ne ya riƙe shi.

Abin da ka faɗa, cewa daɗin ya ragu amma ja yana nan, sananne ne. Tun 1993 wasu masana biyu a jami'ar Michigan ta Amurka, Terry Robinson da Kent Berridge, suka yi bayanin cewa hanyar ƙwaɗayin abu daban take da hanyar jin daɗinsa, kuma yawan maimaitawa na iya ƙara wa ƙwaɗayi kaifi alhali daɗi na tsaye ko yana raguwa. A 2014, Valerie Voon da abokan aikinta a jami'ar Cambridge ta Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 19 masu wannan matsala, suka gwada da wasu 19 da ba su da ita. Da aka nuna musu bidiyon, sassan ƙwaɗayi sun fi motsawa a wajen masu matsalar, sun kuma ce sha'awarsu ta tashi, amma ba su fi sauran cewa abin ya burge su ba.

Za ka ji ana yaɗa cewa batsa na cinye ƙwaƙwalwa. Tushen maganar wani bincike ne na Simone Kühn da Jürgen Gallinat a Jamus, shi ma a 2014, a kan maza 64. Sun ga cewa waɗanda suka fi yawan awoyin kallo, wani ƙaramin sashe na wannan hanyar nema ya ɗan fi ƙanƙanta a wajensu. Amma su kansu masu binciken sun ce hoton rana ɗaya ba zai nuna wanne ya riga wanne ba, ko kallon ne ya rage sashen, ko mai ƙaramin sashe ne ya fi janyuwa ga kallo. Muna faɗa maka wannan ne don tsoron da ake cusa wa matasa ya yi yawa, kuma wanda ya yarda cewa ya riga ya lalace ba ya tashi gyara.

Game da ko cuta ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka matsalar kasa riƙe kai a harkar jima'i cikin sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Sharuɗɗan su ne abin ya ɗauki wata shida ko fiye, mutum ya yi ta ƙoƙarin bari yana kasawa, abin ya danne karatunsa ko sana'arsa ko iyalinsa, kuma ya ci gaba duk da illar da yake gani. Hukumar ta ƙara wani sharaɗi mai muhimmanci gare mu: jin nauyin zunubi kaɗai bai isa a ce mutum na da cutar ba. Akwai yaron da ke kallo sau ɗaya a wata, ya kwana bakwai yana kuka, ya ɗauka shi ne mafi lalacewa a unguwa. Shi tuba yake buƙata da kulle ƙofa, ba likita ba. Kai kuwa bayaninka ya fi kama da ɗabi'ar da ta yi jijiya, don haka karanta amsar da ke biye da kyau.

Tambaya: Malamai, ni tela ne. Wa'azi na sha shi, na san haramun ne. Abin da nake so ku faɗa mini shi ne me zan yi da hannuna, daga yau. (Tela, Sabon Gari)

Amsa: Madalla da wannan tambaya, Malam. Fara da mako biyu na rubutu. Duk lokacin da sha'awar ta taso, ko ka kalla ko ba ka kalla ba, rubuta abu huɗu a ɗan littafin awonka: ƙarfe nawa, ina kake, me kake ji a ranka, me ya faru kafin nan. Yawancin mutane idan suka duba sai su ga abin ba ko'ina yake zuwa ba. Yana da lokacinsa, galibi bayan sha ɗayan dare a kan shimfiɗa, ko da rana tsaka idan shago ya yi shiru. Yana kuma da abokan tafiya: gajiya, kaɗaici, ɓacin rai, bashi, faɗa da wani. Mutane da dama ba sha'awa ce ke fara kai su ba, neman abin da zai kashe damuwa na rabin awa ne.

Idan ka gane lokacin, sai ka raba shi da waya. Wannan mataki ya fi duk sauran aiki, kuma shi aka fi ƙi. Waya ba ta kwana inda kake kwana. Bar ta a caji a wani ɗaki, ko a kulle a shago, ko a hannun wani na gida daga goman dare zuwa bayan asuba. Idan don kiran kwastoma ne, ƙaramar waya mai madannai ta isa. Kada ka sayi forfen dare. Rantsuwa tana karyewa ne saboda ana yin ta da safe, lokacin da hankali ke cike, ana kuma gwada ta da tsakar dare lokacin da ya gaji. Shirin da ka yi da safe shi ne zai tsare ka da dare.

Sai sharar rumbu: katin waya, ɓoyayyun fayiloli, zaurukan WhatsApp da Telegram da ake turo abin, da lambobin masu turowa. Wanda ya bar guda ɗaya "don ko da" bai fara ba tukuna. Ka duba TikTok da Facebook ma, domin sau da yawa faɗuwa daga can take farawa, daga bidiyon rawa da ba a kira shi batsa. Waɗannan manhajoji suna lura da inda idonka ya daɗe, su ƙaro maka irinsa. Daina bin shafukan, ka riƙa danna cewa ba ka so, ko ka cire manhajar na wata uku.

A wayar Android ta zamani akwai matata kyauta, wato abin tace shafukan intanet. Shiga Paramètres, nemi DNS privé, ka rubuta family.cloudflare-dns.com a gurbin suna, ka adana. Zai toshe yawancin shafukan batsa. Ba ya hana abin da aka turo ta WhatsApp ko Xender, kuma kai da ka saka kana iya cirewa cikin minti ɗaya. Amfaninsa jinkiri ne, wato ya ba ka minti ɗayan da za ka dawo hayyacinka.

Idan sha'awar ta taso, kada ka zauna kana kokawa da ita a zuci. Wani masani, Daniel Wegner, ya nuna a 1987 cewa wanda aka hana tunanin wani abu ya fi tuna shi. Ka yarda ta zo, ka lura da inda kake jin ta a jiki, sannan ka motsa: tashi, fita tsakar gida, yi alwala, je fada wajen mutane, ko ka hau keken ɗinki. Sha'awa tana hawa ta kai ƙololuwa ta sauka, kuma idan ba a ciyar da ita ba galibi ba ta wuce rabin awa da ƙarfinta. Kowane karo da ta sauka ba ka bi ta ba, igiyar da ke tsakanin dare da kallo tana ƙara saki.

Azumi, wanda hadisi ya yi wa matasa nuni da shi, yana taimako sosai. Sai dai ka shirya wa daren, domin bayan buɗa-baki da ƙoshi ne ake yawan zamewa.

Ka samu mutum ɗaya da za ka faɗa wa, babba mai riƙe sirri, ba abokin da kuke turawa juna ba. Kuma ka sa a ranka cewa zamewa na iya faruwa. Abin da ke rusa mutane shi ne abin da ke biyo bayanta: "tunda na riga na karya, bari in ƙarasa," sai kwana ɗaya ya zama mako guda. Idan ka zame, yi wanka, yi sallarka a kan lokaci, koma ga littafin ka duba ta wace ƙofa aka shigo, ka toshe ta. Auna kanka da wata-wata. Wanda ya sauko daga sau ashirin zuwa sau huɗu yana kan hanya, ko da bai taɓa haɗa kwana arba'in a jere ba. A makonnin farko wasu kan ji saurin fushi, ƙarancin barci, ko sha'awa ta ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci. Yana wucewa.

Idan ka yi wata uku a kan wannan babu sauyi, ko akwai baƙin ciki mai hana aiki, ko tunanin kashe kai, ko tramol ya shigo ciki, je asibiti ka nemi a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Akwai magani ta hanyar zama da tattaunawa, akwai kuma ƙwayoyin da likita kaɗai ke rubutawa.

Tambaya: Gaskiya ne istimna'i da kallon batsa suna makanta ido, suna ƙarar da maniyyi, mutum ya kasa haihuwa? (Matashi, Mirriya)

Amsa: A likitance ba haka ba ne. Jikin namiji yana ƙera maniyyi kullum tun daga balaga har tsufa, ba ma'auni aka ba shi da zai ƙare ba. Istimna'i ba ya makanta ido, ba ya hana haihuwa. Ciwon ido da ciwon kai da kasalar safe da masu kallo ke ji, daga ƙura wa waya ido cikin duhu ne da rashin barci. Illar gaske tana wani wajen: lokacin da ke salwanta, karatun da ke zubewa, sallar asuba da ke kuɓucewa, janyewa daga mutane, da yadda ido ke sabawa da kallon mace a matsayin gaɓoɓi. Waɗannan sun isa dalili, ba sai an ƙara da abin da ba shi ba.

Tambaya: Likita, wata huɗu da aurena. An ce mini idan na yi aure zan daina, amma ban daina ba. Abin da ya fi damuna, idan ina kallo ƙarfina lafiya lau, amma idan na je ga iyalina sai ya kwanta, ko in kawo da wuri. Na fara sayen maganin ƙarfin maza wajen masu talla. (Ango, Garin Malam)

Amsa: Ango, Allah ya sa albarka. Fara da ajiye maganin masu talla. Ba ka san abin da ke ciki ba, kuma irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa ana zuba musu sildenafil, wato sinadarin Viagra, ba bisa awo ba. Idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini ƙasa har a rasa rai. Tramol da wasu ke sha don jinkirta kawowa yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, daga baya kuma shi kansa yana kashe sha'awa.

Tambayar farko da likita zai yi maka ita ce ko kana tashi da ƙarfi da asuba. Idan kana yi, kuma kana samu lokacin da kake kai kaɗai, to jijiyoyi da hanyoyin jini suna aiki, matsalar ta sabo ce da fargaba. Duk da haka a auna maka sukari da hawan jini, domin su da sigari suna cikin manyan masu rage ƙarfin namiji, kuma ciwon sukari kan daɗe bai nuna kansa ba.

Bincike bai nuna cewa duk mai kallo zai rasa ƙarfi ba. Abin da aka fi gani shi ne waɗanda kallon ya fi ƙarfinsu sun fi kawo wannan kuka. Dalilin a fili yake. Shekara da shekaru jikinka ya saba tashi da sabuwar fuska duk bayan minti biyu, da matsi da saurin hannu da babu macen da za ta yi daidai da shi, cikin gaggawa kada a kama ka. Yanzu ga mace ɗaya mai kunya, mai jira, kai kuma kana tsaye a gefe cikin zuciyarka kana duba ko za ka iya. Fargaba tana sakin sinadarin da ke tsuke hanyoyin jini, sai abin da kake tsoro ya auku, gobe tsoron ya ninka.

Ma'aunin da fim ya ba ka ma ƙarya ne. Ana ɗaukar sa'o'i, a yanka, a haɗa, a zaɓo masu jikin da ba a saba gani ba, wasu da ƙwaya ko allura suke aikin. A 2005 Marcel Waldinger ya jagoranci bincike a kan ma'aurata kusan 500 a ƙasashe biyar, ana riƙe da agogo, aka samu matsakaicin lokaci daga shiga zuwa kawowa minti 5.4 ne. A 2015 David Veale a Landan ya haɗa awon maza fiye da 15,000, matsakaicin tsawon gaba a miƙe ya kama santimita 13 da ɗan kai. Maza da yawa da ke ganin sun gaza, lafiyarsu ƙalau.

Abin yi: dakatar da kallo da istimna'i na wata biyu zuwa uku, ta hanyoyin da muka faɗa wa tela. Ku kuma yi yarjejeniya da amarya cewa mako ɗaya ko biyu za ku riƙa kwanciya tare, hira da shafa da wasa, ba tare da saduwa ba ko da ƙarfin ya zo. Wannan tsohuwar dabara ce ta wasu masana biyu na Amurka, Masters da Johnson, tun 1970, kuma tana aiki ne don ta cire jarrabawa daga shimfiɗa. Daga nan a matsa a hankali. Aure yana biyan buƙatar jiki, amma idan damuwa ce ke tura ka ga waya, zai bar ta yadda ya same ta, sai an yi mata nata aikin.

Tambaya: Na ga finafinan banza a wayar maigidana. Shekararmu tara, ƴaƴanmu uku. Tun ranar ba na iya barci, ina ganin ni ce ban isa ba. Ya kuma fara neman wasu abubuwa a shimfiɗa da ba na so. In kai ƙara gida ne? (Uwar gida, Birni)

Amsa: Ƴar'uwa, sannu da wannan nauyi. Ciwon da kike ji na gaske ne, mata da yawa suna kwatanta shi da na cin amana. Amma ki cire wa kanki laifi. A mafi yawan lokuta ɗabi'ar ta riga auren, tun yana saurayi, kuma maza masu mata irin kowace siffa suna faɗawa ciki. Kayan mata ko sauya jiki ba za su yi gasa da waya ba, kada ki zuba kuɗinki da lafiyarki a can.

Cewa abin na taɓa aure, wannan bincike ya goyi bayansa. Wani nazari na 2017 da Paul Wright ya jagoranta, wanda ya tattara bincike 50, ya samu cewa maza masu kallo sun fi bayyana ƙarancin gamsuwa da aurensu da shimfiɗarsu. Buƙatun da ya fara kawowa ma ba daga sama suka faɗo ba. Ana Bridges da abokan aikinta sun duba fitowa 304 daga finafinan da suka fi kasuwa a Amurka, suka wallafa a 2010 cewa kashi 88 cikin ɗari akwai mari ko shaƙewa ko makamancinsu, kuma kusan kullum ana nuna macen kamar ba ta damu ba ko tana jin daɗi. Mai yawan kallo yakan ɗauka haka mata suke so. Kina da haƙƙin cewa a'a ga abin da ke cutar da ke ko ya saɓa wa addininki. Shaƙe wuya musamman yana iya kisa ko ya taɓa ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci kaɗan, babu wasa a cikinsa.

Kafin kai ƙara, ki yi magana da shi ke da shi. Ba da dare a kan gado ba, ba gaban yara ba, ba cikin fushi ba. Faɗi abin da kika gani sau ɗaya, ki faɗi yadda ya yi miki, ki nemi abu ƙayyadadde: waya ta daina kwana a ɗaki, a goge abin da ke ciki don yara na ɗaukar ta, ya nemi wanda zai taimaka masa. Yana iya musu ko ya harzuƙa a karon farko, kunya ce ke sa haka, ki ba shi kwana biyu. Kada ki mai da kanki mai gadin wayarsa, zai ƙara iya ɓoyewa ne, ke kuma ki ƙare da ciwon rai. Idan ya ƙi sauraro, sai a sa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, malami ko wani babba mai sirri, ba taron dangi ba. Idan kuwa akwai duka ko tilastawa, to a nan kada ki jira, ki sanar da magabatanki.

Tambaya: Ɗana shekararsa 12. Na ba shi tsohuwar wayata don karatu, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Babansa ya ce a zane shi. Yaya zan yi? (Mahaifiya, Zongo)

Amsa: Hajiya, a dakata da bulala tukuna. Shekarunsa su ne shekarun da yara ke fara cin karo da abin: wani bincike da aka fitar a Amurka a 2023 ya samu matsakaicin shekarun gani na farko 12 ne, kuma fiye da rabin yaran sun ce sun taɓa ganinsa ba da niyya ba. A Ingila an samu 13. A nan ma hanyar sananniya ce: babban yaro a makaranta, zauren WhatsApp, katin da aka kai a zuba waƙoƙi aka haɗo da wani abu, ko wayar wani babba a gida.

Duka zai koya masa abu ɗaya, kada ya sake bari a gani. Ku kuwa kuna buƙatar ya yi magana, domin akwai tambayar da ta fi komai: wa ya nuna maka? Idan sa'ansa ne, magana ce ta tarbiyya. Idan babba ne ke nuna masa, ko ke tura masa, ko ya ce ya ɗauki hoton jikinsa, wannan hanya ce da masu lalata yara ke bi don su saba musu, kuma dole a raba su nan take a kai maganar ga ƴan sanda masu kula da kare yara. Ki tambaye shi a natse ko wani ya taɓa taɓa shi. Ki lura da sauyin hali: firgita cikin barci, fitsarin kwance da ya dawo, ƙin zuwa wani gida, ko wasan da bai dace ba da ƙannensa.

Ya fi kyau babansa ko kawunsa ya zauna da shi. A gaya masa cewa son sanin irin wannan abu ba ya mai da shi ɗan banza, cewa abin da ya gani shiri ne na masu neman kuɗi kuma ba haka aure yake ba, a kuma yi masa bayanin balaga da mafarki da wankan janaba kafin waya ta riga ku. A yi masa alkawari cewa duk ranar da aka sake turo masa, idan ya kawo ya nuna, ba za a dake shi ba, a kuma cika alkawarin.

Sannan wayar. A saka Family Link na Google, wanda ke ba ki damar ƙayyade awoyi, rufe wayar da dare, da hana sauke manhaja sai da izininki. A saka matatar DNS da muka ambata. A WhatsApp, cikin Stockage et données, a kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, a cikin Confidentialité kuma a hana baƙi saka shi a zaure. Waya ta yi aiki a tsakar gida, ta kwana a ɗakinki. Ƴaƴa mata ma a yi musu haka. Suna gani su ma, sun dai fi ɓoyewa saboda sun san hukuncin da za a yi musu ya fi na maza tsanani, kuma duk shawarar da ke cikin wannan fili ta shafe su.

Tambaya: A zauren fadarmu ana turo bidiyon wasu ƴan mata da aka ce na nan garin ne. Ni ba na turawa, kallo kawai nake yi. Ina da laifi? (Ɗan kabu-kabu, Zinder)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya fi fim ɗin waje muni, domin yarinyar tana da uwa da uba a wata unguwa da kake kai fasinja. Irin waɗannan bidiyo yawanci ana ɗaukarsu ne a ɓoye, ko a yaudari yarinya da alkawarin aure, ko a yi mata barazana da su don karɓar kuɗi, kuma kowane sabon mai kallo yana ƙara mata tsawon azabar. Akwai waɗanda irin wannan ya raba da makaranta, da aure, har da rai.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019. Idan wadda ke ciki ba ta kai shekara 18 ba, ba turawa kaɗai ba, ajiye shi a waya ma laifi ne, kuma WhatsApp yana sauke bidiyo cikin wayarka ko ba ka nema ba idan ba ka kashe wannan saiti ba. Goge abin da ya sauka, ka faɗa wa shugaban zauren ya hana ya kuma cire mai turowa, idan ya ƙi ka fita. Idan ka san yarinyar, kada ka je mata da maganar, kada kuma ka kai wa samarin unguwarsu. Ka sanar da wani babba mai hankali a danginta a asirce, don su adana shaida, lambar wanda ya fara turawa da ranar da ya tura, su kai wa ƴan sanda.